Tantin da Yake Rufuwa

Zango, Damagaram
Litinin, 26 ga Agusta 2024

Zuwa ga ɗiyata Zuwaira, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikokina da suka fi sanin hotona da fuskata. Yaya aikin asibiti, yaya ruwa a wajenku? Na rubuta sunanki a sama ko da yake sunan uwata kika ci. Bik ɗin da nake rubutu da shi ne ya faɗa, ba bakina ba.

Kin yi fushi wai ina ɓoye miki magana a wayar salula. Ba ɓoyewa nake ba, uwata. Da na ji muryarki sai bakina ya kama wasa shi kaɗai, sai kin kashe in tuna ban faɗi komai ba. Shi ya sa na yago takarda a tsohon kayenki, littafin rubutunki na lakwal, Sule direba zai kawo miki. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji huɗu ni da mushe malaminmu muka rabu, bai yi kuka ba, ni ma ban yi ba.

To, abin da kika ji gaskiya ne, gidan ya faɗi. Ranar Alhamis ruwa ya kama tun hantsi bai ɗauke ba sai la'asar. Zauren ne ya fara durƙusawa, a hankali kamar tsohon raƙumi, sai ɗakina ya bi shi, sai na uwarki Inno, sai banɗaki. Muna tsaye a tsakar gida muna kallo, ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Gidan da kakana ya gina lokacin da yake kai fatu Agadas, abin da ya rage a tsaye rabin katangar baya ne, da itacen dogon yaron nan da kike hawa kina ƙarama, da ƙofar zaure. Kin tuna ginshiƙanta biyu kaɗai na taɓa yi wa siminti. Tana nan tsaye a kulle, ba komai a bayanta sai iska, makullin yana aljihuna. Jiya na iske kaina na buɗe ta na shiga, alhali akuyar maƙwabta ta bi ta gefe ta riga ni.

Inno ta ciro gadonta na ƙarfe da akwatinta da tukwane da buhun hatsi. Ni na ciro basilla da wuƙaƙena na dukanci da butar shayi. Ta dubi butar, ta dube ni.

Mutanen meri, hukumar gari, sun buɗe azuzuwan lakwal ga waɗanda gidajensu suka faɗi. Inno ta ce mu je. Na ce wurin da aka sallame ni ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ba zan koma ina da sittin da biyu in kwanta ƙarƙashin allo ba, kada wani ya tashe ni in karanta. Yanzu tana kwana ɗakin Fati maƙwabciyarmu, ni ina shagon Suma'ila, tsohon sojan nan abokina. Amma dangin mijin Fati na garin Zermu su ma nasu ya faɗi, suna tafe, ɗakin ba zai ɗauke su da Inno ba.

Saƙon da kika aiko don a saya mata tanti ya iso hannuna, Allah ya yi miki albarka. Gobe zan shiga kasuwar Dole da Suma'ila, shi da ya shekara ashirin yana kwanan tanti a daji. Na tambayi Inno irin wanda take so, babba ko ƙarami, wane launi. Ta ce ita dai wanda yake rufuwa. Iyakar abin da ta ce ke nan. Shekara talatin da huɗu muna tare, ba ta taɓa roƙona abu mai sauƙi kamar wannan ba.

Kada ki damu, jikan fatake ne zai zaɓa. Ki gaida maigidanki da kyau, ki shafa mini kan yara.

Ubanki,
Mutari Baduku


Zango
Juma'a, 30 ga Agusta

Uwata,

Ina gaishe ki, ina fata kun tashi lafiya, ku da yara da mutanen gida. Mu ma lafiya lau, sai godiya.

An sayo tanti, an kafa. Zan ba ki labarin tun daga farko, don in Suma'ila ya riga ni kai miki nasa ki san ya ƙara gishiri.

Mun je rumfar Mai Nasara, wanda yake sayar wa masu tafiya haƙar zinariya tamfol da tantuna. Ya shimfiɗa mana uku.

Na farko ɗan ƙarami ne ruwan lemo, irin na Turawa masu yawon daji. Jefa shi ake yi ya buɗe da kansa kamar kaza ta firgita. A jikin jakarsa an rubuta mutum uku, faransancina ya kai nan. Na shiga da rarrafe, ƙafafuna suna waje suna gaisawa da mutanen kasuwa. Ashe su mutum uku a kwance suke nufi, a jere kamar kifin gwangwani, ba gado, ba akwati, ba tukunya. Ko ruku'u ba za a yi a ciki ba, balle tsayuwa. Turakunsa kuwa tsinken tsire ya fi su ƙwari, a ƙasar Damagaram da in ka tona taƙi ɗaya ka iske dutse. Wannan dukanmu muka yi dariya muka wuce.

Na biyu irin na soja ne, tsoho, launin ƙasa, da faci uku, yana warin man gazuwal da akuya. Mutum biyu suka ɗauko shi. Suma'ila na ganinsa ya koma sarjan. Ya ɗaga shi ga rana ya ce in duba, haske ba ya ratsawa. Ya bi ɗinkin da farce. Ya sa aka kawo buta ya zuba ruwa a kai, ruwan ya gangare bai bar ko danshi ba. Bangonsa har ƙasa, ƙofarsa da igiya ake ɗaure ta daga ciki, turakunsa na ƙarfe. Ya ce Mutari, ga ɗakin Inno. A juya masa baya gabas inda hadari ke fitowa, a tona masa rami zagaye, ko sama ta tsage ba ruwanta.

Ni kuwa idona yana kan na uku. Irin na biki ne, fari da shuɗi, ƙafa takwas na ƙarfe, da geza tana lilo a bakinsa. Dogon mutum da rawaninsa zai shiga bai sunkuya ba. Tabarma shida yake ci. Bango ne kawai ba shi da shi.

Kada ki yi saurin ɓata rai, ki ji hujjata tukuna. Tun ranar da gidan ya faɗi mutane ke zuwa jaje: dukawa 'yan uwana, mutanen masallaci, 'yan fadarmu ta shayi, har daga Birni. Ina tarbarsu a tsaye a bakin hanya kamar mai jiran kabu-kabu. Liman ya zo na rasa inda zan ce ya zauna, a kan tubalin ɗakina ya yi mana addu'a. Ubana bai taɓa tarbar baƙo a rana ba. In na kafa na soja, wa zan ce wa bismilla? In ce liman ya sunkuya ya shiga warin akuya ya iske gadon Inno?

Suma'ila ya ce, wa aka ce ka saya wa, liman ko matarka? Na ce soja umurni ya sani, bai san mutunci ba. Mai Nasara ya ce ai Alhaji ya san kaya. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Suma'ila ya hau kabu-kabu ya bar ni can, tun ranar bai yi mini magana ba.

An kafa shi daidai inda zauren yake, a bayan ƙofar. Ƙasan wurin dutse ne, turaku sun ƙi shiga, sai na danne kowace ƙafa da tubali. Jiya mun kai mutum goma sha biyar a ƙarƙashinsa, buta ba ta sauka daga gawayi ba. Wani mai wucewa har ya tsaya ya tambaya ko haihuwa aka yi.

Inno ma ban manta da ita ba. Na ja igiya daga ƙafar tantin ta baya zuwa dogon yaro, daga nan zuwa katanga, ta rataya zannuwanta suka zagaye ta, na ɗaura leda a sama daidai gado. Ɗaki ne sosai, ga iska. Da ta ga tantin ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce ina ƙofar? Na nuna mata ta zaure na ce ga ta nan, har da makulli. Duk fada aka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ina jin gajiya ce.

Damina saura sati uku ko huɗu. Ni ma nan nake kwana yanzu, a kan tabarma, ina gadinta. A gaida kowa.

Ubanki mai sabon zaure,
Mutari


Zango
Litinin, 9 ga Satumba

Uwata Zuwaira,

Bayan gaisuwa. Ina fata kina lafiya, da yara da ubansu. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, ko da yake sau ɗaya ma ya isa. Ban san a lakwal ana koyar da zagi cikin ladabi haka ba, da na daure na ƙarasa.

Na san kin ji Inno tana Mirriya, gidan ƙanenta Idirisu. Na san kuma ta ce miki ziyara ta je. Ita ba za ta faɗi dalili ba har ta mutu, don haka ni zan faɗa.

Kwana tara ta yi a bayan zannuwan nan. Sai yanzu da ba ta nan nake tuna yadda ta yi su. Tsakaninta da 'yan fada zane ɗaya ne. In za ta yi tari sai ta toshe baki. Da rana ba ta kwanciya, don iska tana ɗaga gefen zanen. In tana son magana da ni sai ta buga cokali a jikin tukunya, ni kuwa in ce wa mutane ku ji, an kira ni ofis, a yi dariya. Matar da mutanen unguwar nan ba su taɓa ganin kanta ba kallabi ba. Wanka kuwa, ashe lokacin da take yi ɗaya ne, in mun tashi mun tafi masallaci sallar la'asar. Da ta ji surutu ya ɗauke, ta san wurin ba kowa. Ban san haka ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar Alhamis hadari ya haɗu a gabas. Mun yi alwala, sai wani ya ce ruwan nan zai kama mu a hanya. Na ce ina za mu, ga inuwa ga tabarma? Mu yi jam'inmu a nan. Na ji daɗin maganar a bakina, uwata, tantina zai zama masallaci. Muka yi sahu mu goma sha biyu, wanda ya ja mu mai ƙaramar murya ne, kuma sallar ba ta bayyane ba ce. Inno ta ji shiru. Ta ɗauki bokitinta.

Kin san gidanmu, ƙofa yamma take kallo, cikin gida yana gabas. Duk wanda ya fuskanci alƙibla daga zaure, zannuwan yake kallo.

A raka'a ta biyu iska ta zo. Ta shiga ƙarƙashin tantin ta ɗaga shi duka, tubalin laka da na danne shi da su tuni ruwan baya ya jiƙa su sun zama kunu. Ya tashi da ƙafafunsa takwas ya tsallake ƙofar zaure, ya ja igiyar da na ɗaure a ƙafarsa, igiyar ta ja zannuwan gaba ɗaya.

Ba zan rubuta miki abin da aka gani ba, uwarki ce. Mutane suka sunkuyar da kai, suka yanke salla, kowa ya kama gabansa, wasu ko takalmi ba su ɗauka ba. Fati ce ta ji ƙarar ƙarfe ta tsallako ta kan tarin ƙasa ta lulluɓe ta da mayafinta.

Kina tambayar inda nake a lokacin. Tun ɗazu nake zagaye wurin nan da bik, na sha shayi biyu. Tantin na bi, Zuwaira. Da na gan shi yana birgima a kan hanya zai faɗa wa teburin mai tsire, ƙafafuna suka tafi da ni. Ina riƙe da gezarsa cikin ruwa ina kiran a taya ni, sai na waiwaya ta cikin ƙofar, na ga Fati tana jan Inno zuwa gidanta. Inno ma ta gan ni. Da babbar riga a jikina, taku biyar ne tsakaninmu lokacin da zanen ya tashi.

Da gari ya waye ta ɗaure akwatinta, Fati ta raka ta tasha. Na bi su a baya ina ta magana, ban ma san me nake cewa ba. Da za ta shiga mota ta ce hatsin ya jiƙe, in shanya shi kada ya tsiro. Ba ta dube ni ba.

Tantin ya yage gida uku, ƙafafu biyar sun lanƙwashe. Jaje ya ƙare. Mutanen da suka shanye mini shayin kwana tara, yanzu in mun haɗu a masallaci sai su gaishe ni suna kallon ƙafarsu. Da ma dariya suke yi mini, da na san yadda zan yi da su, sana'ata ce. Ba wanda ya yi.

Na shanya hatsin. Ki yi mini addu'a in kin huce.

Ubanki,
Mutari


Zango
Talata, 24 ga Satumba

Uwata,

Ina gaishe ki da aiki, ina gaida yara. Na gode da kiran da kika yi, ko da yake rabinsa shiru muka yi, kamfanin salula ne kawai ya ji daɗi.

Na je Mirriya ranar Lahadi. Kawunki Idirisu ya tarbe ni a zaurensa, ɗan ƙarami, mutum huɗu ya cika, amma da bango. Ya ba ni fura. Inno ta zo ta gaishe ni daga bayan ƙofa, ta tambayi hatsi. Na ce ya bushe, ya fi ni kyan gani. Na ji tafiyarta ta koma ciki.

Idirisu ya ce Yaya ba ta ce yaji ta yi ba, ba ta kuma nemi takardar saki ba. Ta ce dai mutum goma sha biyun nan kullum suna bakin hanya, in ta fita ɗiban ruwa sai sun gaishe ta, ita kuma sai ta amsa. Na ce ai sun sunkuyar da kai. Ya ce ita ma ta faɗa, ta ce su goma sha ɗaya sun san abin da ya kamata. Ya ƙara mini fura.

A can ɗaki ɗaya take da matar Idirisu da 'ya'yansu mata. A tsufanta ta koma kwanan ɗakin wata. Wannan ma aikina ne.

Da na dawo na tafi shagon Suma'ila na tsaya a bakin ƙofa na ce sarjan, na zo a hukunta ni. Ya ce harsashi ya fi ni daraja. Amma ya sa takalmi muka tafi kasuwa. Tantin sojan an saye shi tun washegarin ranar da muka bar shi, yana can arewa wani yana kwana lafiya a ciki. Mai Nasara ya daina ce mini Alhaji, yanzu baba nake. Ya karɓi ƙafafun ƙarfen, ya ba ni tsohon tamfol na babbar mota, mai kauri kamar fatar sa.

Ni zan ɗinka shi. Shekara hamsin ina ɗinka wa Turawa da matan Yamai jaka da matashi, ban taɓa ɗinka wa Inno ko jakar allura ba. Ina zaune ƙarƙashin dogon yaro da basilla da zare mai kaki, Suma'ila yana tsaye a kaina yana ba da umurni, ya samu abin da yake so. Ɗinki biyu a kowace gaɓa, a naɗe bakin ciki. Shimfiɗar ƙasa a ɗaga gefenta taƙi ɗaya don ruwa. Ya ce tsawo fa? Na ce yadda za ta tsaya ta yi salla ba ta taɓa rufi ba. Ya ce nawa ke nan? Na kai hannu kunnena, nan take kawo mini. Ashe akwai abin da na lura da shi a shekara talatin da huɗu.

Ƙofar ce na fi daɗewa a kai. Ninki biyu na yi mata, da maɗauri bakwai na jar fatar akuya, duka ta ciki. Wanda yake waje ko ni ne ba ya buɗewa. Taga ɗaya ƙarama a can sama, da raga don sauro.

A bayan rabin katangar nan akwai wurin da ba dutse, daga hanya ba a hango shi. Na share shi, na daidaita, na tona rami zagaye. Na kuma buɗe 'yar hanya ta lungun Fati, za ta fita ba ta bi ta gaban kowa ba.

Kada ki aiko komai, kada kuma ki gaya mata. Yatsuna duk sun fashe, shi ya sa rubutun ya ƙara muni, in hakan yana yiwuwa. Ki gaida maigidanki.

Ubanki,
Mutari


Zango
Litinin, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki, da jikokina. Damina ta ɗauke, ana ta yankan hatsi, sauro ne kawai bai ji labari ba.

Jiya muka kai tantin Mirriya ni da Suma'ila, a saman mota, tare da kaji da buhunan mutane. Shirina shi ne a kafa shi a tsakar gidan Idirisu ta gani da idonta, sannan a naɗe, mu dawo tare da motar la'asar. Har wurin zama na gaba na roƙar mata a wajen direba.

Muka kafa. Suma'ila ya juya masa baya gabas ko da yake ba hadari, ya ce haka ake yi ko da mutum zai mutu gobe. Turaku suka shiga, ƙasar Mirriya ba ta da taurin kan tamu. Ba kyau gare shi ba, uwata, launin ƙasa ne, a gefe ɗaya har da sauran lambar motar da ya fito. Ba wanda zai tsaya ya tambaya ko haihuwa aka yi.

Suma'ila da Idirisu suka koma zaure. Inno ta fito. Ta rame. Ta zagaya shi sau ɗaya kamar yadda ta zagaya wancan, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ja igiya ɗaya ta ji. Ta cire takalmi ta shiga. Ina tsaye ina jin tana ɗaure maɗauran, daga sama har ƙasa, bakwai ɗin duka.

Ta daɗe. Aka kira azahar, na je na dawo, tana ciki. Na ji motsin sallarta, na ji tsayuwarta ba ta taɓa rufi ba. Sannan na ji ta yi tari, tari sosai, ba ta toshe baki ba.

Na matsa na ce, Inno, ya yi? Ta ce ya yi, yana rufuwa. Na ce to alhamdu lillahi, sai ki fito mu naɗe, mota ba ta jira. Na gaya mata wurin da na share, da ramin, da hanyar lungun Fati. Ta bari na gama. Sannan ta ce a bar shi nan. Ta ce in aiko mata da gadonta da tukwanenta, hatsin in riƙe.

Na nemi wasa ɗaya a kaina, ko guda, ban samu ba. Na ce ai na mutum biyu na ɗinka. Ta ce ta gani, akwatinta zai samu wuri.

Na juya zan tafi, sai ta ce, ka iya ɗinki, Mutari, ban taɓa cewa ba ka iya ba.

Ke kin san uwarki. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan Malam take ce mini, in tana fushi ta ce maigidan. Ko a takardar asibiti in an tambaye ta sunan miji sai ta juya ta dubi wani ya faɗa. Jiya na fara jin sunana a bakinta, ta cikin tamfol, kamar yadda take kiran mai sayar da gawayi.

A mota Suma'ila ne ya zauna gaba. Sai da muka shigo gari ya ce tantin dai ya yi. Na ce na gode, sarjan.

Yau da safe na ɗora gadon da tukwanen a mota. Ni ina nan ƙarƙashin dogon yaro, na ɗaura ƙyallen fari da shuɗin nan a reshe, har da gezarsa, inuwa yake yi mini ni kaɗai. Wurin da na share yana nan da raminsa zagaye, kajin Fati sun gode.

Na fara kwaɓa laka, ina buga tubali kaɗan-kaɗan. Ɗakinta zan fara tayarwa. Ba ta ce za ta dawo ba, ni ma ban tambaya ba, ina tsoron ta amsa. Kada ki roƙe ta a kaina. In kina son yi mata wani abu, ki aika mata da bargo, sanyi yana tafe.

Za ki ji wani abu mai nauyi a cikin ambulan ɗin nan. Makullin ƙofar zaure ne, ki ba yara su yi wasa da shi. Ƙofar na bar ta a buɗe, ba mai shigowa.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri.

Ubanki,
Mutari Baduku